Ɗan Lidona Yana Barmu

An yi ruwan shuka ranar Juma'a. Ran Lahadi da hantsi wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar gidan da nake haya a Tawa. Ranar kasuwa ce, na ɗauka hanya ce ta ɓace mata. Tana riƙe da 'yar ƙwarya rufe da faifai, ƙafafunta duk jar laka. Ta tambaya ko nan ne gidan Mushe. Haka ake kiran malamin lekol a wajenmu, ni kuwa lissafi nake koyarwa a koleji. Na ce mata nan ne, ni ne ma. Ta dube ni sama da ƙasa. Da alama mai furfura da rawani ta yi tsammani, sai ta tarar da mai singileti da bik ɗin rubutu a bayan kunne.

"Daga Barmu nike," in ji ta. "Ni ta uwar abokinka mai kabu-kabu. Na zaka ka diba muna. Ka gaya mini ko mu shuka gonar yayanai, ko mu jira shi."

Na shimfiɗa mata tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gida, na kawo mata ruwa. Ina yi na fara gane inda maganar ta samo asali, kuma ban so abin da na gane ba.

Ni ba na duba, ban taɓa yi ba. Abin da nake yi a gindin wannan itace kowace Lahadi bayan la'asar wasa ne, wanda na koyo a Yamai lokacin da nake karatu. Wasan labari ne. Ni ke riƙe da duniyar, ni ke faɗin inda ake, da wanda aka tarar, da abin da ke ɓoye bayan dutse. Kowane ɗan wasa yana da mutum guda nasa a cikin labarin, shi ke magana da bakinsa, shi ke zaɓa masa abin yi. In abin da ya zaɓa yana da haɗari, sai a jefa ɗan lido, ƙwayar nan mai fuska shida. Biyar ko shida, ka yi nasara. Uku ko huɗu, ka samu amma ka rasa wani abu. Ɗaya ko biyu, sai haƙuri. Taswira kuwa a ƙasa nake yin ta. In share rairayi da tafin hannu, in ja layi da yatsa, in dasa tsakuwa a matsayin gari, ƙwallon dabino a matsayin mutane. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mai wucewa ke ganin mutum yana share ƙasa, yana zane, yana jifa, sauran sun yi jugum suna jiran bakinsa ba.

Na daɗe ina riƙe wasan, na kuma san hannunsa. Ba na fara labari da tarihin sarakuna, domin kafin in kai sarki na biyu kowa ya koma kan telefon. Tun kofin shayi na farko nake jefa su cikin matsala. Ba na shirya ƙarshe, tunda duk hanyar da na share ba ita za su bi ba. Aljani kuma ba ya shiga wasana. Dodannina ni ke ƙirƙiro su, irin waɗanda ba wanda kakarsa ta taɓa ba shi labarinsu, don kowa ya koma gida da hankalinsa kwance. Amma abin da aka fi sanina da shi doka ɗaya ce. A farantin shayi ake jifa, a gaban kowa, ba a maimaitawa, kuma jifar da aka ambata sai an yi ta.

Mu huɗu ne ba ma fashi. Akwai Likita, wanda ke aiki a wani ƙaramin asibiti, mai gardamar tsiya. Jaruminsa na farko, mai takobi biyu, a kan wannan doka ya mutu. Ya yi tsalle daga kan ganuwa, ɗan lido ya ba da ɗaya. Ya roƙe ni, ya zage ni, ya yi fushi ya ƙaurace wa fadar, ban janye ba, ya gaji ya dawo da wani jarumin. Akwai mai shayinmu, mutumin Takanamat, dogo marar yawan magana, mai shagon gyaran telefon, wanda in wasa ya yi zafi sai ya koma ƙunƙuni da Tamashek. Sai ɗan Barmu, mai kabu-kabu, ɗan tsohuwar nan.

Duk wanda ya zo wasan nan jarumi yake so, ko maharbi, ko mai sihiri. Shi da ya shigo cikinmu a farkon rani, cewa ya yi magini yake so. Muka fashe da dariya. Likita ya ce in dodo ya taso sai ya yaɓe shi da siminti. Shi bai yi dariya ba. Ya ce maginin bahago ne, yana da tabo a gira, ba ya shan shayi na uku don ya cika zaƙi, kuma in zai kama aiki sai ya tofa yawu a tafin hannu ya murza. Na ji daɗi ƙwarai, domin mai riƙe wasa ba abin da yake so irin ɗan wasan da ya san mutuminsa haka. Na san yana da wa a Libiya, na san an daina jin ɗuriyarsa tun lokacin sanyi. To amma a Tawa wane gida ne ba shi da wani a can? Sai da tsohuwar ta zauna a tabarmata na tuna cewa gini ne sana'ar wan.

A labarin da muke ciki, ayarinsu yana ƙetare wani tekun rairayi, suna neman birnin da dodo ya shanye wa rijiyoyi. Tun farkon tafiyar sun ceci wani tsuntsu mai fukafukan tagulla daga tarko, ya yi musu alkawarin zai kai musu saƙo ɗaya duk nisan gidan da suka aike shi. Su sun manta da shi. Ni ban manta ba, irin waɗannan nake ajiyewa don ranar da labari ya cije. A Lahadin da ta wuce ruwansu ya ƙare, suka tarar da tsohuwar rijiya da ta rufta. Magini ya sauka ya gyara. Ya kai ga ruwa, sai bango ya fara zubowa a kansa. Na ce za a jefa, a ga ko zai fita. Ina rufe baki aka kira magariba. Na yi murmushi na kife farantin, domin ba wurin tsayawa da ya fi wannan daɗi ga mai riƙe wasa, kowa zai yi mako yana ƙaiƙayi. Na ga ɗan Barmu ya tashi jiki ba ƙwari, ya koma gefe da telefon a kunne, kamar yadda yake yi bayan kowane zama.

Tsohuwar ce ta gaya mini wanda yake kira.

"Kowace Lahadi da marece shina kirana," in ji ta. "Shi ce Mushe ya share ƙasa, ya jefa, an ga yayanai. Ran nan an gane shi bisa raƙumi. Ran nan ya wuce wani gari lahiya lau. Wancan mako yac ce shina wurin wata rijiya shina aiki, amma ba a ƙare dibawa ba, sai yau. Shi na nic ce bari in zaka da kaina, ƙasa ba ta jira."

Ta ba ni sauran labarin a hankali, tana murza bakin zanenta. Saƙon murya na ƙarshe da wan ya aiko, cewa ya yi ya kusa kama hanya, zai iso kafin ruwa, kuma kada kowa ya taɓa masa gona, shi zai shuka da hannunsa. Yana da dalili. A wata tafiyar da ya yi, 'ya'yan baffansa sun shuka gefen gonar da sunan taimako, da ƙyar aka fitar da su. Daga wannan saƙo telefon ɗinsa bai ƙara shiga ba. Yanzu ga ruwa ya sauka, duk Barmu an fita da sungumi, gonarsa kaɗai ke kwance. Ƙanen ba zai shuka ba, domin wanda ya shuka gonar matafiyi bayan ya hana, kamar ya ce ba zai dawo ba ne, mutane kuma za su ce ya fara cin gadon mai rai. Matar wan da 'ya'yansa suna gidan tsohuwar, rumbu ya kusa kai ƙasa. A yankinmu na Adar kuwa danshin ruwan farko ba ya daɗewa, wanda ya bari ya wuce yana iya rasa shekarar ɗungum.

Na ce mata, "Inna, ki gafarce ni. Ni ba ni diba. Malamin lekol na ni. Abin da muka yi nan wasa na, labari na muka ƙagawa. Ban san inda ɗanki shike ba, Allah kaɗai Ya sani."

Ta gyaɗa kai kamar wadda ta saba jin haka.

"Dut mai diba na ƙwarai haka shika cewa da fari," in ji ta. "Ba komi, ɗana. Ku yi abinku. Ina gidan ɗiyar ƙanwata kusa ga tasha har magariba. Abin da yaf fito, shi kawo mini."

Ta tura mini ƙwaryar. Ƙwan zabi ne. Na rantse ba zan karɓa ba, na bi ta da ita har bakin titi, ta ƙi ko waiwayowa. Na dawo na ajiye ƙwaryar a kan taga.

Fushi na yi sosai. An mai da ni boka ban sani ba, ni da ko zaren laya ban taɓa ɗaurawa ba. In maganar nan ta zaga unguwa, ta kai kunnen iyayen ɗalibaina, me zan ce? Na yi ta kai da kawo a tsakar gida ina shirya kalmomin da zan wanke shi da su. Amma da rana ta yi tsaka, fushin ya lafa, tsoro ya maye gurbinsa, domin na zauna na yi lissafin abin da ke jirana da la'asar. In ɗan lido ya ba da ɗaya ko biyu, magini ya mutu a rijiya, ɗan Barmu zai tashi daga tabarmata ya kai wa uwarsa mutuwar ɗanta, mutuwar da ni na ƙaga da ƙwallon dabino. In ya ba da biyar ko shida, zai ce mata yana nan tafe, a jira, gona ta bushe, yara su kwana da yunwa a baɗi. Na juya fuskokin nan shida a raina, ban ga wadda zan iya ɗauka ba. In kuma na ce an fasa wasa, na san abin da za ta fahimta: mai duba ya ga abin da ba ya faɗuwa.

Mai shayi ne ya fara zuwa, da furno, murhun shayinsa, da jakar gawayi. Na gaya masa komai a tsaye. Sai da ya hura wuta ta kama, sannan ya tambaye ni me nake so ya yi. Na ce ya ja shayin yau, kada ya yi sauri.

Da na ji ƙarar moto na tare ɗan Barmu kafin ya kashe, na ja shi bayan itace.

"Innarka ta zaka," na ce masa.

"Na sani. Ta kira ni."

"Kai kac ce mata ni boka na?"

"Ban ce ba. Cewa niy yi kana jefawa. Kuma kana jefawa."

"Kada ka raina mini hankali. Ka san wasa na."

"Na sani, Mushe." Ya kau da kai, yana kallon tayar motonsa. "Amma in ta kira ni tac ce ina labari, mi za ni ce mata? Lambatai ba ta shiga. Na tambayi dut wanda yad dawo, ba wanda yag gane shi. Nan kaɗai nika samun abin faɗi. Kuma ran da maginin nan yat tsira, ni ma ina iya cin tuwo."

Na ce masa gona fa, ya san danshi na tafiya? Ya ce ya sani. Na ce to ya je ya shuka mana. Ya dube ni da jajayen idanu.

"In shuka, in ce ya mutu ke nan? Akwai jifa guda da tar rage. Dokarka ta, ba tawa ba. Mu yi ta."

Likita ya iso yana fara'a, bai san komai ba. Ya cire takalmi yana cewa yau za a ga ko magini zai fita ko a yi masa salla. Mai shayi ya miƙa wa Likita kofin farko da sauri don ya toshe masa baki.

Na share ƙasa. Ban taɓa jin nauyin hannuna a wannan aiki ba sai ranar. Wata mata mai tallan ƙosai ta rage tafiya tana kallonmu, na ji kamar in tashi in yi mata bayani. Na zana da'ira, na ce ga rijiya. Na sa ƙwallon dabino ɗaya a ciki, biyu a baki. Na goge farantin, na ɗora ɗan lido a tsakiya.

Na fara da abin da magini ke ji, ba abin da yake gani ba, haka nake yi in ina so wuri ya yi tsit. Na ce ruwa ya kai masa gwiwa, yana da sanyi. Ƙasa na zubo masa a wuya kaɗan kaɗan. Igiyar da aka zura masa ta maƙale a wani dutse, abokansa na ja, ba ta zuwa. In ya ɗaga kai, bakin rijiyar ya yi ƙanƙanta, bai fi faifai ba. Ɗan Barmu ya miƙo hannu wajen farantin. Na ɗora nawa a kai.

"Tukuna," na ce. "Hasken bakin rijiya ya rufe. Wani abu ya sauka, kuna jin ƙarar tagulla."

Likita ya buga cinya. "A'a, Mushe, wagga zamba ta. Lokacin da nawa jarumi yaf faɗo daga ganuwa ba ka kawo tsuntsu ba."

"Ban soke jifa ba, tana nan. Tsuntsu kuwa ku kunka cece shi, ba ni ba. Ya yi alkawari, ya zaka cikawa."

Na sauya murya. Ina da muryar da na ba tsuntsun tun farko, siririya, mai jan kalma. Da ita na yi magana, ina kallon ƙwallon dabinon da ke cikin da'ira, domin ban iya kallon mai shi ba.

"Magini, ga ni. Fitar da kai ba aikina ba ne, ba ni da ƙarfinsa. Ban san ko za ka fita ba, kai ma ba ka sani ba. Saƙo ɗaya nake kaiwa. Na biyo ta kan garinku, an yi ruwa, ƙasa ta jiƙe. Kowa ya shuka, gonarka kaɗai ke kwance, suna jiran bakinka. Me zan ce musu?"

Likita ya buɗe baki zai yi wata gardamar, mai shayi ya dafa masa gwiwa. Ya dubi mai shayi, ya dubi ɗan Barmu, sai na ga fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"Wanga ba shi cikin wasa," in ji ɗan Barmu, muryarsa can ƙasa.

"Shina ciki," na ce da tawa muryar. "Kai kak kawo shi, tun ran da kac ce bahago na. Ba wanda yas san shi awa kai. Tsuntsu na jira."

Ban san ko daidai nake yi ba. Ina ganin jijiyar goshinsa, na san yana iya tashi ya watsa mini farantin a fuska, ya tafi ya gaya wa uwarsa duk abin da ya ga dama, kuma ba zan ƙara ganinsa ba. Mai riƙe wasa yakan ji tsoron shiru, yakan yi sauri ya cike shi da surutu. Na danne harshena na bar shi. Shayi na biyu ya tafaso ya zubo a kan gawayi, ya yi cuu, mai shayi bai ko motsa ya sauke ba. Wata mota ta wuce a titi cike da 'yan kasuwa masu komawa ƙauye. Inuwar dogon yaro ta riga ta haye bangon maƙwabta, magariba ba ta da nisa.

Sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya tofa yawu, ya murza. Da ya yi magana, muryar ta fi tasa kauri, tana da wata gatsali da ban san shi da ita ba.

"Ka ce ma Inna ta bar zaman bakin hanya, rana na cinta. Ka ce ma wancan sakaran ƙane nawa, mi shika jira? An yi ruwa shina yawo bisa moto cikin Tawa. Maganar da niy yi, don ɗiyan baffa niy yi ta, ba don shi ba. Shi ɗauki sungumi. Shi fara daga gefen kwari, can ta fi riƙe danshi. In na zaka, in ishe hatsi tsaye."

Ya tsaya. Muka jira.

"In ban zaka ba," in ji shi, "ɗiyana su ci."

Ba wanda ya dubi wani. Likita ya sunkuyar da kai yana goge ido da bayan hannu, shi da ke ganin ciwo kullum a wurin aiki. Ni kuma na ce tsuntsu ya buɗe fukafukai ya tashi, ya nufi kudu.

Saura jifa. Tana nan a faranti, kowa na ganinta, kuma ni na kafa dokar. Na janye hannuna daga kai. Ban san abin da zan yi ba in ya jefa, har yau ban sani ba. Ya ɗauki ɗan lidon da hannun hagu, ya rufe, ya girgiza. Ya kai hannun saman farantin, ya daɗe a haka, har na ga yatsunsa sun fara saki. Sai ya mai da hannun, ya zura ɗan lidon a aljihun gaban rigarsa.

"Ba yau ba," in ji shi.

Ban hana shi ba. Likita ma, wanda ba ya barin doka ta wuce ko da wasa, ya bar wannan ta wuce. Ɗan Barmu ya sa takalmi, ya tada moto, ya nufi wajen tasha. Mai shayi ya dafa na uku duk da haka, ya zuba kofi huɗu bisa sabo, ɗaya ya huce a faranti.

Washegari mai shayi ya kira shi. Ɗan Barmu ya ce suna gona shi da matar wan da yara, sun fara daga gefen kwari. Sun sami sauran danshi. Gefen fako bai tsiro ba sai da suka sake shuka bayan ruwa na biyu. Bai dawo Tawa ba duk daminar, motonsa ya kwana a zauren uwarsa har aka yi girbi.

Ni kuma na daina zane a ƙasa, a kan kwali nake yi da bik, ko da ya fi muni. Duk wanda ya zo da sabon mutum yanzu, kafin mu fara sai na ja shi gefe na tambaye shi ko mutumin nan yana da mai kama da shi a duniya. Kuma ba na ambatar jifa sai na tabbata duk fuskar da ta fito muna iya tashi da ita. Ƙwan zabin na kasa ci. Na ba maƙwabciyata ta sa wa kazarta, wasu suka ƙyanƙyashe, suka girma suka ishi unguwa da kuka.

Bayan girbi, wata Lahadi, na ji ƙarar motonsa. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Ya sauke mini ɗan buhun hatsi, ya ce in ji Inna, na gonar ne. Muka gaisa, muka tambayi gida. Ban tambayi wan ba, da akwai labari, da tun kafin ya zauna ya faɗa. Ya ce yana son sabon mutum, maharbi, kowane iri, ni in zaɓa masa kamanni. Magini kuwa a bar shi inda yake.

Na ce to, ya kawo ɗan lidona mu fara.

Ya yi ɗan murmushi, ya sosa ƙeya. Ya ce ranar nan a hanyar Barmu, Inna tana bayansa a kan moto, ya gaya mata gaskiya duka, cewa wasa ne, ba wanda ya ga kowa. Da suka isa gida ta ce ya nuna mata abin da ake jefawar. Ya ba ta, ta jujjuya shi a tafin hannu, ta tambaya ko jifar ɗanta ce ta rage. Ya ce ita ce.

"Sai taƙ ƙulle shi ga bakin zane," in ji shi. "Tac ce ba mai jefa ma ɗanta. Ran da yaz zaka, shi jefa da hannunai."

A ranar, da ɗan lidon da muka ara a maƙwabta muka yi wasa, daga baya na sayi wani a kasuwa. Damina ta zagayo tun daga nan, ba sau ɗaya ba, ƙanen ne ke shuka gonar. Lambar wan har yau ba ta shiga. Ɗan lidona yana Barmu, a bakin zanen Inna.